Yadda ake yaye yaro ba tare da ya rame ba

Ɗana na fari a rana ɗaya aka yaye shi. Yana da wata 14 na wayi gari da ƙaramin ciki, labari ya kai wa uwar mijina, ta taso daga Mirriya tun da hantsi. Ko ruwa ba ta gama sha ba ta ce, "'Yar nan, ba a haɗa goyo da ciki. Zai sha ciki ya lalace. Miƙo min shi." Na ce, "To, Inna," na miƙa. Watan Afrilu ne, lokacin da ko ƙadangare ba ya son taka ƙasar Damagaram da tsakar rana. Bayan kwana 20 aka dawo min da yaro wuya kamar mariƙin lema, ga zawo, ya dube ni ya kau da kai. Makonni muka yi muna jelen zuwa likita muna karɓo abincin nan na leda da ake ba masu tamowa.

Ban riƙe Inna a zuci ba, haka aka yi mata, haka ta yi wa nata. Amma ƙannensa biyu ni na yaye su da kaina, a ɗakina, kuma ko sau ɗaya awo bai nuna sun faɗi ba. Tun daga nan na ga amare da yawa a unguwarmu suna faɗa wa ramin da na faɗa, shi ya sa na ce bari in rubuta yadda nake yi.

Fara da duba wata. Alƙur'ani ya ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa, a aya ta 233 cikin Suratul Baƙara, kuma ayar ta ce in za a yaye to a yi da yarda da shawara tsakanin uwa da uba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma shekara 2 ta ce, ko fiye. In akwai dalilin da zai sa ki rage, ki rage, amma ciki shi kaɗai ba dalilin gaggawa ba ne. Nonon mai ciki ba guba ba ne. Yana raguwa, ɗanɗanonsa na canzawa, wani yaron ma da kansa yake saki. Sai fa in ungozoma ta ga cikin na da matsala ta ce ki daina.

Ni dai a gidana ba a yaye daga Maris zuwa Mayu, ba a yi kuma daga Yuli zuwa Satumba. A bazara zafi na kashe wa yaro cin abinci, ruwan jikinsa na tafiya da gumi, kuma a lokacin ne pampo ke ƙafewa a koma sayen ruwan 'yan ga-ruwa wanda ba ki san inda aka ɗebo shi ba. Damina kuwa ga sauro, ga zawo, ga hatsi ya yi tsada. Ki jira Nuwamba zuwa Janairu. Sabon gero ya shigo, gyaɗa da wake sun yi sauƙi, kayan lambu sun cika kasuwa, yaro kuma sanyi na sa shi jin yunwa. In yana zazzaɓi, ko haƙori, ko kun yi ƙaura zuwa sabon gida, ɗaga yayen.

Yanzu ga inda kusan kowa ke faɗuwa, har da ni: kunu.

Abin da aka riƙa ɗura wa ɗana a ƙauye kunu ne tsararo, irin wanda kana hango gindin ludayi ta cikinsa. Yana sha ciki ya yi tim, kowa ya ce ai ya ƙoshi, alhali ruwa ya sha. Cikin yaro ɗan shekara ɗaya da rabi bai wuce ya ɗauki kofi guda a zama ɗaya ba, wajen mililita 250. In kika cika wannan ɗan wurin da ruwan gero, kin cire masa nono kin ba shi iska. Gwajin mai sauƙi ne: ɗebi kunun da cokali ki karkata shi. In ya zube nan take, bai yi ba. So ake ya tsaya ya yi nawa kafin ya sauka.

Wata guda kafin ki fara rage nono, ki haɗa garinki. Nawa ma'aunin shi ne gero tiya 3, waken soya tiya 1, gyaɗa rabin tiya. In kuɗin bai kai ba, ki raba komai biyu ko uku, ma'aunin dai kar ya canza. Ranar Alhamis nake saye a kasuwar Dole, don ranar ce 'yan ƙauye ke shigowa da kaya, kuma da yamma sun fi sakin farashi. Akwai garin Misola da ake sayarwa a haɗe, kayan cikinsa kusan waɗannan ne, gero da soya da gyaɗa, ga mai hali ko marar lokaci. Ni na fi son nawa, don na san abin da na zuba.

Ki surfa geron, ki wanke, ki rege tsakuwa, ki shanya. Gyaɗar ki zauna ki tsince ta ɗaya-ɗaya. Duk wadda ta yi baƙi, ta yamushe ko ta yi fumfuna, ki zubar, kar ki ce asara, dafin da ke cikin irin wannan gyaɗar suya ba ta kashe shi. Sannan ki soya kowanne daban a busasshiyar tukunya, wuta kaɗan. Gero minti kaɗan ne, da ya fara ƙamshi ki sauke. Waken soya shi ne mai taurin kai. Sai ya yi ruwan ƙasa har ciki, in kin tauna ba ki ji gafin ɗanye ba. Na taɓa yin sauri na sauke shi da wuri, yarinyata ta kwana ciki na kumburi tana tusa tana kuka, maigida na tambayata ko wani abu na ba ta. Bayan suya ki ɓarza shi ki fece ɓawon, ki murje gyaɗar ita ma.

Wajen niƙa kar ki aiki yaro. Je da ƙafarki ki tsaya. Sau ɗaya na aika, mai inji ya zuba min bayan ya gama niƙa wa wata yajin jego. Na dama kunu, auta ta kai cokali ɗaya baki ta tsandara ihu, kwana uku ko kofin ta gani sai ta ruga bayan randa. Garin tiya huɗu da rabi mu manya muka shanye shi. Ki ce masa ya fara zuba hatsin wani kafin naki, in ya yi gunaguni ƙara masa dala 10. In kin dawo ki baza garin ya huce, ki tankaɗe, ki zuba a bokiti mai murfi. Kar ki yi wanda zai wuce wata ɗaya, man gyaɗar na sa shi ɗaci.

To ga matsalar da za ki tarar: kunu mai kauri yaro ba ya son haɗiya, shi ya sa uwa ke ƙara ruwa, a koma gidan jiya. Maganin wannan garin tsiro ne, kuma ina mamakin yadda mata ba su san shi ba. Ki jiƙa gero ko dawa cikin hannu biyu ya kwana, ki tsane, ki baza a tire ki rufa da jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta, kina yayyafa ruwa safe da yamma. Kwana biyu zuwa uku zai fito da tsiro. Ki shanya ya bushe ƙayau, ki murje saiwoyin, ki daka, ki ajiye a kwalba. Idan za ki dama, gari ma'auni 1, ruwa ma'auni 2, ki dafa har ya yi kauri kamar talgen tuwo. Ki sauke, ki bari tururin farko ya fita, ki barbaɗa tsiron tsunkule 3 ki juya. Kina tsaye za ki ga ya saki ya zama abin sha, ba tare da kin ƙara ko ɗigon ruwa ba. Ni ina mayar da shi wuta ya ɗan tafasa kafin in ba yaro. Ranar da Inna ta fara ganin wannan cewa ta yi, "Ke 'yar nan, me kika tofa a ciki?"

Sukari kaɗan, don in ya saba da zaƙi ba zai ci tuwo ba. Cokali ɗaya na man gyaɗa ya fi shi amfani. Kuma kunu kaɗai ba ya riƙe ɗan yaye. Sau 3 zuwa 4 zai ci a yini, da ɗan abin taɓawa a tsakani: tuwo mai laushi da miyar kuka ko ta zogale, dankali da karas a dafa a murƙushe, awara, wake da aka cire wa ɓawo, gwanda, 'yar hanta in an yi yanka. Ki ba shi ƙwai. Zancen wai yaron da ya ci ƙwai zai tashi ɓarawo, ni dai ɓarayin da na sani ba ƙwai ne ya lalata su ba. Gyaɗa ɗai-ɗai kuwa kar ki miƙa masa, tana sarƙe yara. Kuma kwanonsa daban. In kika sa shi a kwano ɗaya da yayyensa, kafin ya kai loma biyu sun suɗe, ke kuma daga madafa ki ɗauka ya ci.

Sai ya karɓi abinci sosai ki taɓa nono. Fara da na hantsi, shi ya fi sauƙin mantawa. Ki cire guda, ki jira kwana 4 ko 5, ki cire na gaba. Abinci kafin nono kullum. Kar ki zauna a tabarmar da kika saba shayar da shi, don yara sun san wuri, da kin zauna zai rarrafo yana ɗaga miki riga. Ki sa riga mai rufaffen wuya. Amma goyo kar ki rage, ki ma ƙara. Rabin kukan ɗan yaye na neman jikin uwa ne, kuma abin da ya karya ɗana na fari ke nan, an raba shi da nono da uwa a yini guda. Ruwan shansa ki tafasa ki zuba a abu mai murfi, ki ba shi a kofi. Kwalbar nan mai kan roba ba na son ganinta a gidana, wanke ta na cin ruwa, kuma a garin da ake sayen ruwa da bido ba wanda ke wanke ta yadda ya kamata.

Nonon dare shi ne na ƙarshe, shi ne kuma yaƙin. Ki ciyar da shi ya ƙoshi bayan magariba, ki ajiye kofin ruwa kusa da shimfiɗa. Nan ne amfanin shawarar da ayar ta ce a yi. Ki gaya wa maigida tun da wuri cewa dare uku nasa ne. In yaro ya farka shi zai ɗauka, ya saɓa shi a kafaɗa ya zaga tsakar gida, ke kuma ki juya wa bango fuska ki daure. Namu daren farko maigida ya yi zagaye har aka yi kiran assalatu, ya tafi masallaci yana layi. Na biyu ya fi na farko muni. Na uku yarinyar ta farka sau ɗaya ta sha ruwa ta koma. Wadda mijinta ke tafiya, ta nemi ƙanwa ko kakar yaron ta zo ta kwana nan gidan, cikin gidan sauro ɗaya da shi. Kaka ta zo wurin yaro, kar a kai mata shi.

Abu biyu na haramta. Shafa maɗaci ko barkono a kan nono: yana aiki, ban musa ba, amma yaron na tsorata da ke, wani har abincin hannunki ya ƙi. Sai maganin barci na masu yawo da tire a ka. Na ga maƙwabciya ta ba ɗanta don ta samu ta runtsa, ya wuni jiki a sake, sai a kabu-kabu aka ruga da shi. Kukan dare uku bai kai wannan ba.

Ke kuma, in kin bi a hankali nononki ba zai yi dutse ba. In ya cika ki tatse kaɗan, iya abin da zai rage zogi, ki ɗora tsumma mai sanyi. Kar ki tatse duka, zai ƙara kawowa, kar kuma ki ɗaure ƙirji tam. In wuri ya yi ja, yana zafi, ga zazzaɓi, je likita. Ki yi maganar tazarar haihuwa da ungozoma tun kafin yaye, kar kwanika ta riske ki kamar ni.

Sauran duk sa ido ne. Ki ajiye ledar gishirin zawo da ƙwayar zinc a ɗaki, leda ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. In ciwo ya kama shi ana tsakiyar yaye, mayar da shi nono, ba abin kunya ba ne, ki sake farawa in ya warke. Ki kai shi awo duk wata har wata uku. In kina da igiyar nan mai launi uku da aka koya wa mata auna damtsen yara da ita, ki auna kowane mako: kore lafiya, ruwan ɗorawa ƙasa da santimita 12.5 ke nan, ja ƙasa da 11.5. Ja, ko kumburin ƙafa biyu, ranar za ki tafi, ba sai maigida ya dawo daga kasuwa ba. Tun 2006 aka yafe kuɗin duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 a likitocin gwamnati, amma ki ƙulla 'yan kuɗi a bakin zane, don wani lokaci takarda za a rubuta miki ki je ki sayo maganin.