Jirgin jet a kogi mara zurfi: kurakuran da na gaji da gani

Duk shekara, da watan Yuli ya kama ruwan kogin Saskwahana ya ja baya, sai na tarar da wani tsaye cikin ruwa iya gwiwa yana ta fama ya tuge sabon jirginsa daga kan dutse. Wani lokacin ma ɗan'uwanmu ne da aiki ko karatu ya kawo jihar Pensilbaniya ta Amurka, sha'awar fatsa ta kama shi yadda ta kama ni. In ka tsaya taimaka masa, maganar ba ta canzawa: "Ai ce min aka yi jet yana tafiya a ruwa inci huɗu." Gaskiya aka gaya masa, amma rabinta. Sauran rabin ne na gaji da maimaitawa a bakin ruwa.

Ga wanda bai san kogin ba, a daidai birnin Harisbag faɗinsa ya kusa mil guda, amma da rani wurare da yawa ruwan bai kai cinya ba, ƙasansa kuma layi-layin dutse ne da suka gitta shi daga gaɓa zuwa gaɓa. Farfela ba ta daɗewa a nan. Shi injin jet ba shi da abin da ya leƙo ƙarƙashin jirgi. Ruwa yake zuƙa ta wata rariyar ƙarfe, fankar da ke ɓoye a ciki, wadda makanikai ke kira infela, ta matsa ruwan ya fita ta baya da ƙarfi ya tura jirgin. Bil Hamilton, wani manomi a Niyu Zilan, shi ya daidaita wannan dabara a 1954 don ya hau kogunan ƙasarsu masu tsakuwa, a 1960 kuma jiragensa suka haura kogin Kolorado ta cikin Giran Kanyon suna fuskantar ruwa. Abin yana aiki, ba shakka. Sai dai inci huɗun nan da ake faɗa, sai jirgi ya tashi yana gudu a saman ruwa ake samunsa. Da ya rage gudu sai ya zauna, ya nemi zurfi ninki biyu ko uku.

Daga nan kuskuren da ya fi cin kuɗina ya fito. Na sayi jirgi na hannu mai tsawon ƙafa 17, an rubuta 60 ɓaro-ɓaro a murfin injin. Mai sayarwa ya zagaya da ni, mu biyu kacal, tanki kusan wayam, ba batir ko ɗaya sai na tayar da inji. Jirgi ya tashi kamar tsuntsu, na biya ina murna. Abin da bai faɗa min ba, ni kuma ban tambaya ba, shi ne injin asalinsa mai farfela ne aka sauya masa gindi. Duk injin da aka mayar jet yana asarar kusan kashi 30 cikin ɗari na ƙarfinsa. Shi ya sa za ka ji ana cewa 60/40, 90/65, 115/80, 150/105. Lamba ta farko ƙarfin dokin da ke kan inji ce, ta biyun ita ce wadda ke isa ruwa, kuma ita kaɗai ce ta shafe ka. Doki 40 nake da shi, ina lissafin 60.

Ranar da na fita da abokai biyu, da cikakken tanki, da batura uku na ƙaramin injin lantarki, da akwatin ƙanƙara, da ruwa cike a ramin ajiye kifi, jirgi ya ƙi tashi. Na ba shi wuta har ƙarshe, ya ɗaga hanci sama yana huɗar ruwa kamar garma, gindinsa a nutse, rariya tana kwasar tsakuwa. Shekara biyu na yi ina jan wannan jirgi, ina sauke mutane a gaɓa, ina zubar da ruwan kifi, kafin na haƙura na sayar da asara. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, domin tambaya ɗaya da ta raba ni da wahalar.

To ku saurara, ku masu shirin saye. Kada wanda ya yarda da gwajin jirgi wayam. Ka zo da mutanen da za ka riƙa fita da su, ko ka zo da buhunan yashi daidai nauyinsu. Ka yi lissafi da biro: batir guda na irin waɗannan kilo 25 ne zuwa 30, galan ɗin fetur ya kusa kilo 3, kowace litar ruwa kilo guda. In jirgin bai tashi cikin tsawonsa biyu ko uku da wannan kaya ba, ka mayar da kuɗinka aljihu. Ni yanzu ina duba farantin da ke manne a jikin jirgi mai nuna iyakar ƙarfin injin da ya halatta, in sa mafi girman da ya yarda. Wasu suna ganin ɓarnar kuɗi ce da ta mai. Ni na ɗanɗana ƙaramin inji, ba na komawa. Kuma ba na cika tanki sai tafiyar mai nisa ce.

Kuskure na biyu ya fi na farko haɗari, kuma shi ne yake sa ni ɗaga murya. Mutum ya saba da mota, ya hango dutse a gaba, hannunsa da kansa ya saki totur. A jirgin jet wannan shi ne mafi munin abin da za ka yi. Ba shi da wani abin juyawa a ƙarƙashin ruwa, feshin da ke fita ta baya shi ne sitiyarinka. Ka yanke wuta, ka yanke sitiyari, a lokaci guda kuma jirgi ya sauka daga saman ruwa ya zauna kan abin da kake gudu. Haka ta faru da ni da ɗan yayana a gaba. Na ga ruwa ya yi tozo, na tsorata, na saki. Na murɗa hannun inji, jirgi bai ko gezau ba, ya miƙe ya hau dutsen. Yaron ya kife a ƙasan jirgi, haɓarsa ta fashe, ribit, wato ƙusoshin da suka haɗe jikin jirgi, suka ɓalle, ruwa ya fara ɓulɓulowa. Allah ne ya kiyaye, wurin bai kai ƙugu ba. Ban yafe wa kaina wannan ranar da wuri ba.

Haba jama'a, ya za a yi mutum ya sayi jirgi ran Juma'a, ran Asabar ya ɗebi iyalinsa ya nufi wurin da bai taɓa gani ba a guje? Me ake ci na sauri? Ka je wuri mai zurfi kai kaɗai ka wuni kana koyon kwana. Jet santsi yake yi a kwana kamar mota a laka, dole ka fara juyawa tun kafin ka iso, ka kuma ƙara wuta a tsakiyar kwanar. Duk hanyar da ban sani ba, ni haurawa nake fara yi, domin mai fuskantar ruwa ya fi ganin duwatsu ya kuma fi iya tsayawa. Wani wurin ma sai na sauka na taka shi da ƙafa tukuna. Ka koyi karatun ruwa: inda ya yi harshe mai santsi, tsininsa na kallon gangare, nan ne hanya. Inda ya rabu biyu yana kumfa, dutse ne a ƙasa. Tabarau mai kashe ƙyallin ruwa ba ado ba ne. In kuwa ka ga ba makawa sai ka tsaya a wuri mara zurfi, kashe injin ɗungurungum, kada ya zuƙi tsakuwa. Ka tura jirgi da gwangwala zuwa inda ruwa ya kai cinya, sannan ka tayar.

Batun jikin jirgi, bayan wancan karo na daina kallon mai ribit. Alminiyam mai walda nake so, kaurin ƙasansa kada ya gaza inci 0.125, nawa na yanzu 0.190 ne. Akwai masu manna farantin roba mai santsi a ƙasa don jirgi ya zame a kan dutse. Yana aiki, amma nauyinsa na da yawa, ni ban sa ba. Faɗin ƙasa ya fi tsawo muhimmanci, inci 60 a jirgi mai ƙafa 18 ya yi min daidai. Jirgin tafki mai ƙasa kamar gatari, wannan a bar shi a tafki.

Sauran ƙanana ne amma suna ɓata wuni. Bakin rariya na gaba ya zama daidai da ƙasan jirgi, in ya yi sama iska zai sha, in ya yi ƙasa dutse zai ci. Giris a bayarin bayan kowace fita. Tazarar da ke tsakanin infela da zoben da take juyawa a ciki wajen kashi ɗaya cikin 32 na inci ce, in ta buɗe ƙarfi ya tafi, da wosha ake daidaita ta. Doguwar sukudireba ba ta barin jirgina, da ita nake ciro tsakuwa daga rariya, inji a kashe. Ganyen Oktoba yana toshe ta fiye da komai. Ka duba ma'aunin ruwa na Harisbag a intanet kafin ka bar gida. Daga 1 ga Nuwamba zuwa 30 ga Afrilu dokar jihar ta wajabta sanya rigar hana nutsewa a jirgin da bai kai ƙafa 16 ba, ni a nawa kowa sai ya sa, kowane wata. Ƙaramar madatsar da ke ƙasan birnin kuma ta ci rayuka da yawa, kada ka kusance ta ta sama ko ta ƙasa.

Wani ya tambaye ni ko ya aika da irin wannan inji gida, ya yi aiki da shi a fadamar Haɗeja da Nguru. Na ce masa a'a. Jet na ruwa mai tsabta ne da ƙasan dutse. Inda kachala da kainuwa suka rufe ruwa, kowane ɗan taki sai ka tsaya ka share rariya. A kogi mai yashi irin Binuwai da rani kuma, yashin zai riƙa cinye infela kamar ana goga ta a magagari, ga shi ya fi mai farfela shan mai, kuma duk abin da ya lalace sai an yi odarsa daga waje.