Kafin ka hau jirgin ruwa a yankin Yawuri

Mutanen tsibiran tafkin Kainji ba su da wata hanya sai kwale-kwale, ko kasuwa za su je ko asibiti, don haka dan Allah mu kula. Da farko duba lodi, in ka ga an jibga buhunan hatsi da babura har ruwa ya kusa bakin jirgin to sauka ka jira na gaba, lodi ne ya halaka mutane da yawa a hatsarin jirgin ruwa na Wara, Jihar Kebbi, a 2021. Nemi rigar kariya ka ɗaura ta sosai, yara ma a sa musu. Kada ka yarda da tafiyar dare, kututturen itatuwa na cikin ruwan, direba baya ganinsu. In hadari ya taso ku jira ya wuce.