Yadda Za Ka Saurari Rediyo da Waƙa a Kan Babur Ba Tare da Ka Cuci Kunnenka Ba

Mai babur da ke son jin labarai ko waƙa a kan hanya, babbar matsalarsa iska ce, ba ƙarancin ƙarfin lasifika ba. A gudun kilomita 60 cikin awa, ƙarar iska a cikin hular kwano tana kaiwa wajen desibel 90 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), idan gudun ya kai kilomita 100 kuwa sai ta doshi 100. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai kula da lafiyar ma'aikata, ta sa iyakar desibel 85 na awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi: 94 awa ɗaya, 100 minti 15 kacal. Tun ba ka kunna komai ba ke nan kunne ya ɗauki kaya. Wanda ya ƙure murya don waƙa ta danne iska ya ƙara masa wani, alhali ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne in sun mutu ba sa dawowa. Don haka kowace hanya za ka bi, fara da rage iska.

Yawancin ƙarar ta ƙasan hula take shiga, ta wajen haɓa da wuya. Hula mai rufe fuska duka, wadda ta kama kai daidai, ta fi buɗaɗɗiya shiru nesa ba kusa ba. Ka sa mata ƙyallen da ke rufe ƙarƙashin haɓa, ka riƙa sauke gilashinta. Idan baburinka yana da gilashin tare iska, lura da inda yake jefa iskar: in daidai hula take duka, za ka ji kai yana rawa da ƙara bub-bub, sai ka ɗaga gilashin ko ka sauke shi. Bayan haka sai abin toshe kunne. Na soso yana rage wajen desibel 30 a takarda, wanda aka yi wa masu babur mai 'yar matata a ciki kuma 15 zuwa 20. Na soson, murza shi za ka yi ya sirance, ka ja saman kunne da ɗayan hannun, ka tura shi, ka riƙe daƙiƙa 20 zuwa 30 har ya kumbura. Mutane da yawa suna mamakin cewa waƙa ta fi fita da shi a kunne. Dalili kuwa, kunnen da ƙara ba ta cika shi ba ya fi iya rarrabe sauti, har da oda da jiniya.

Lasifikar cikin hula

Wannan ce muka fi ba da shawara a kanta, domin sautin yana kusa da kunne, ramin kunnen kuma ba a cushe shi da na'ura ba. 'Yar na'ura ce ta Bluetooth da ake maƙalawa a gefen hagu na hula, don hannun dama ya zauna a kan totur da birki. Tana zuwa da lasifika biyu masu faɗin milimita 40 ko 45, da makirufo. Kamfanonin Sena da Cardo sun yi suna a kanta, akwai kuma masu sauƙi da yawa. Galibinsu suna da rediyon FM a ciki, batirinsu kuma yana ɗaukar awa goma ko fiye.

Wajen ɗaurawa ne akasari ake ɓata aikin. Cire sosan kumatu, za ka ga rami a daidai kowane kunne a yawancin hulunan zamani. Kada ka manna lasifikar a tsakiyar ramin kawai don nan ne ya fi kyan gani. Sa hular a kai, ka zura yatsa ka gano inda ƙofar kunnenka ta faɗa, ka yi alama da salatif. Sau da yawa wurin yana ƙasa kaɗan, kusa da inda igiyar haɓa ta fito. Kaucewar santimita ɗaya ta isa ta tafi da kaurin sautin, ka ji waƙa tana fita siririya. Goge wurin ya bushe, ka manna Velcro, wato ƙyallen nan mai kama juna da ke riƙe lasifika, ka bar gam ɗin ya kama na wasu awoyi kafin ka ɗora lasifikar. Ya kamata ta ɗan shafi kunne ba tare da ta danne shi ba. In akwai tazara, ƙara 'yan sosan da ke zuwa a kwali a bayanta. In kuwa tana lanƙwasa kunne lokacin sa hula, ko kunnen ya fara zafi bayan rabin awa, ta yi kauri, nemi siririya. Wayoyin kuma a bi da su ƙarƙashin ƙyallen ciki, nesa da maɓallan da ke riƙe soso, don maɓalli yana tsinke waya a hankali, shi ya sa za ka ji kunne ɗaya ya daina magana.

Abu ɗaya ne ba a yi ko kusa: kada ka yanke farin soso mai tauri na cikin hula don lasifika ta samu wuri, kada kuma ka huda ƙoƙon. Wannan soson shi ke shanye bugu ranar faɗuwa.

Iyafis na cikin kunne ya fi araha, kuma mai bakin roba da ke like ramin kunne yana tare iska sosai, har ka iya sauraro da ƙaramar murya. Aibinsa shi ne wanda ya turo waje yana faɗuwa wajen sa hula, ko hula ta danna shi ya yi ciwo, waya kuma ta maƙale a kwala. Mai kashe ƙara da kansa yana iya maganin gunjin inji, amma iska mai buguwa takan rikita shi. Irin wanda ake ɗorawa a ƙashin gefen kunne ba ya shiga ƙarƙashin hula da daɗi. Sannan akwai doka: Faransa ta haramta sa iyafis a kunne yayin tuƙi tun 1 ga Yulin 2015, amma ta bar lasifikar da ke jikin hula. Wasu wuraren kunne ɗaya kawai suka yarda a toshe. Binciki dokar inda kake tuƙi kafin ka saya.

Lasifika a jikin babur

Manyan baburan tafiya irin su Honda Gold Wing da Harley-Davidson Street Glide suna zuwa da rediyo da lasifika daga kamfani, kuma suna da faffaɗan gaba mai tare iska, shi ya sa ake jin su. A ƙaramin babur marar wannan kariya, lasifikar da aka ɗaura a kai tana aiki a cikin gari, amma da gudu ya ƙaru iska take kwashe sautin, sai mutanen gefen hanya su fi ka jin abin da ka kunna. In duk da haka ita kake so, nemi mai jure ruwa, aƙalla mai lambar IPX5.

Kada rubutun kwali ya ruɗe ka. Duba fis ɗin amfilifayar, wato na'urar da ke ƙara wa lasifika ƙarfi: in na amp 5 ne, ninka shi da volt 12, iyakar abin da za ta iya ja wat 60 ne, ko da an rubuta 1000 a jiki. Batirin ƙaramin babur bai cika wuce 4 zuwa 7 Ah ba (Ah ma'aunin yawan wutar da batir ke ajiyewa ne). Na'urar da ke jan amp 2 inji a kashe za ta cinye kusan rabin batirin 5 Ah cikin awa ɗaya da 'yan mintuna, daga nan sitata ba lallai ta juya ba.

Ga yadda ake haɗin. Cire kan batir na negatif tukuna. Ɗauko wuta daga kan fositif da waya mai kaurin milimita murabba'i 1.5, ka sa fis a jikinta cikin tazarar santimita 15 daga batir, domin duk wayar da ke tsakanin batir da fis ba ta da kariya. Kai ta ƙafa ta 30 a jikin rile, wato 'yar na'urar da ke buɗe wuta da rufe ta, ƙafa ta 87 ta tafi amfilifaya, 86 ta haɗu da wayar da ke samun wuta sai an murɗa makulli, 85 kuma negatif. Da haka kana kashe babur komai ya mutu. Kada ka ɗauki wuta daga wayar fitilar gaba: a wasu ƙananan babura kai tsaye daga kwayil take zuwa, tana hawa da sauka da totur, za ta ƙone maka na'ura. Juya kan babur dama da hagu har ƙarshe ka tabbata waya ba ta ɗamewa, kuma ba ta kusa da salansa. Daga ƙarshe sa mita a kan batir. Inji a kashe, lafiyayyen batir yana nuna wajen volt 12.6. Inji na aiki a matsakaicin totur, fitila da waƙa a kunne, ya kamata ya tsaya tsakanin 13.5 da 14.5. In yana sauka ƙasa da 13, baburin ba ya samar da wutar da za ta ɗauki wannan kaya.

Idan rediyo na shashshaka

FM yana tsakanin megahaz 87.5 da 108, eriyar da ta dace da shi kuma tsawonta wajen santimita 75 ne. Na'urar hula ba ta da wannan tsawo, wayoyin lasifikarta take amfani da su, don haka kada ka dunƙule su wuri ɗaya, shimfiɗa su. Rediyon FM na cikin yawancin wayoyin salula ma haka yake: wayar iyafis ce eriyarsa, in ba a soka ta ba ba ya kama tasha. Gajeren zango da matsakaicin zango sun fi shan wahala a kan babur, saboda tartsatsin fulogi yana shiga su kai tsaye.

Irin ƙarar ita ke nuna inda cutar take. Ƙas-ƙas mai saurin bin totur daga fulogi ne, maganinsa fulogi mai resista, wanda a na NGK za ka ga harafin R a lambarsa, muddin littafin baburin ya yarda da shi. Siririn fito mai hawa da sauka da inji kuwa daga haɗin wuta ne, ya fi fitowa idan waya tana caji kuma an haɗa ta da amfilifaya ta igiya. Mayar da negatif ɗin duka wuri ɗaya mai tsabta, ko ka koma Bluetooth. In tasha na ɓacewa da zarar ka soka caja ko ka kunna fitilar LED, su ne masu laifi, canza su da masu inganci.

Rediyon intanet yana kauce wa duk wannan, sai dai yana cin data: tasha mai kilobit 64 a daƙiƙa wajen megabait 29 a awa, mai 128 wajen 58. Inda sabis ke yankewa, sauke shirye-shiryen a waya tun a gida. Wayar kuma aljihu ya fi mata. Kamfanin Apple ya yi gargaɗi a 2021 cewa girgizar injin babur tana iya lalata kyamarar iPhone, in dole sai a kan babur, a sa mata mariƙi mai shanye girgiza.

Zaɓi tasha ko jerin waƙoƙi kafin ka tayar da inji, ka koyi maɓallan na'urar da safar hannu har yatsa ya san su ba sai ka duba ba. Muryar ma a tsaye ake saita ta, inji na aiki, yadda za ka iya jin mai yi maka magana daga gefe. In ka hau babbar hanya sautin ya ɓace, bar shi ya ɓace, kada ka ƙara. A mahaɗar hanya, cunkoso, ruwan sama ko hanyar da ba ka sani ba, dakatar da shi gaba ɗaya. Idan kuma ka sauka ka ji kunne yana kuka ko maganar mutane ta dushe, ƙarar ta yi yawa a wannan tafiyar: rage murya, gyara toshen kunne, in kukan ya wuce kwana ɗaya ko biyu ka je a auna jinka.