Ɗanku ya yi wasa da mai ƙarambau, ga tikitin Kano a hannu: kurakuran da iyaye suka fi yi

Da an ba da hutun makaranta, gidajen Hausawa a Jidda da Makka da Madina sai su cika da jakunkuna. An yanki tikiti tun da wuri, an ciro bizar fita da dawowa a Absher, manhajar gwamnatin Saudiyya, an ɗaure dabino da turare da jallabiyoyin tsaraba. A daidai wannan lokacin ne kuma taro ke yawa: walimar suna a istiraha, wato gidan taro na haya, sallama da maƙwabta, yara cike da ɗaki guda, tagogi a rufe saboda na'urar sanyi. Washegari sai waya ta shigo: "Yaya, don Allah ki yi haƙuri, yaron nan da suka yi wasa da naki jiya, ƙarambau ne ya feso masa da asuba." Saura kwana goma jirgi ya tashi, ga ɗan shekara biyu yana ta tsalle a falo, ba abin da ke damunsa.

Kuskuren farko a nan ake yin sa. Uwa ta tuɓe wa yaro riga, ta duba ciki da baya da hammata, ba ta ga komai ba, gobe ta sake dubawa, jibi ta ce alhamdulillahi ya tsira. Ƙarambau ba ya fitowa da wuri haka. Daga ranar da ƙwayar cutar ta shiga jiki zuwa ranar da ƙuraje za su bayyana, kwana 10 ne zuwa 21, kuma an fi ganin su tsakanin kwana 14 da 16. Sannan yaro yana fara yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin a ga ƙurji ko guda a jikinsa, ta numfashi da tari, har sai dukkan ƙurajen sun bushe sun yi ɓawo. Shi ya sa yaron maƙwabciya, da aka gani garau a wurin walima, ya riga ya raba wa abokan wasansa.

Gyaran shi ne a ɗauko kalanda da biro. A ce an yi cuɗanyar ranar 1 ga wata. Ƙuraje na iya fitowa daga 11 zuwa 22 ga wata, an fi sa ran su tsakanin 15 da 17, kuma tun daga 9 ga wata yaron na iya zama mai yaɗawa. In jirginku kafin 9 ga wata ne, ba wanda zai ɗauka daga wurinsa a hanya, sai dai ku shirya wa fitowar ƙurajen a can gida. In bayan 22 ne kuma ba a ga komai ba, an wuce wurin. Wanda ya faɗa tsakiya, kamar masu tashi 12 ga wata, su ne za su zauna su yi shawara ta gaske. In kuma mai ciwon ɗan gida ne, wa ko ƙanwa, to lissafin ya tsawaita, domin cuɗanyar ba ta rana ɗaya ba ce, kuma a cikin gida guda kusan tara cikin goma na waɗanda ba su da kariya suna kamuwa.

Kuskure na biyu ya fi ba ni takaici, saboda dama ce ake bari ta kuɓuce. Iyaye sai su ce bari mu zuba ido mu gani. Alhali allurar rigakafin ƙarambau tana aiki ko bayan an yi cuɗanya, in an yi ta cikin kwana uku, har zuwa biyar: ko dai ta hana ciwon gaba ɗaya, ko ta sa ya zo da sauƙi. Wanda ya jira ƙuraje ya bar waɗannan kwanakin sun wuce a banza. A jadawalin rigakafin yara na Saudiyya ana yin ta a wata 18, a sake lokacin shiga makaranta, don haka ku buɗe Sehhaty, manhajar Ma'aikatar Lafiya, ko katin rigakafi ku duba da idonku, kada ku dogara da "ai an yi masa duka". Yaron da aka haifa a Najeriya aka zo da shi, kusan tabbas ba a yi masa ba, domin ba ta cikin alluran da gwamnati ke yi wa yara kyauta a can. Haka wanda tafiya ko matsalar takardu ta sa ya tsallake ta wata 18. Ana iya yi wa yaro daga shekara ɗaya. Wanda bai kai ba, ko mai raunin garkuwar jiki, ba a yi masa, sai likita ya duba wata hanyar. Ku kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya, ko ku je mustausaf, wato ƙaramin asibitin unguwa, a ranar da labarin ya zo muku, ku faɗi ranar da aka yi cuɗanyar daidai.

Wanda aka yi wa allura ɗaya ma yana iya kamuwa, sai dai ciwon kan zo da sauƙi, ƙuraje kaɗan, wani lokaci ko ruwa ba sa ɗurawa. Duk da haka yana yaɗawa. Allura ba ta soke lissafin kalanda.

Akwai kuma mantawa da manya. Hankali duk yana kan yaro, ba wanda ya tambayi uba ko uwa ko sun taɓa yi. A ƙasashe masu zafi irin tamu mutane da yawa suna girma ba su yi ƙarambau ba, saɓanin Turai inda a da kusan kowa ke yi tun yana ƙarami, kuma a jikin babba ciwon ya fi tsanani, yana iya sauka a huhu. Wadda ta fi kowa shiga haɗari ita ce mai juna biyu da ba ta taɓa yi ba. A watannin farko yana iya taɓa abin da ke cikinta, in kuma ƙurajen suka fito mata daga kwana biyar kafin haihuwa zuwa kwana biyu bayanta, jaririn na cikin haɗari babba. Ita ba a yi mata allurar rigakafin, amma akwai gwajin jini da ke nuna ko tana da kariya, akwai kuma abin da likita ke bayarwa a kan lokaci. Kada ta tsaya kiran Hajiya a Kano ta tambaya ko ta yi tana ƙarama, ta kwanta a kan amsar, domin sau da yawa ƙyanda ce ake tunawa. Ta ga likitan da ke duba cikinta a ranar.

A batun tikiti, wasu suna soke tafiya a firgice su yi asarar kuɗi ba dalili, wasu kuma ba sa ko ɗaga waya. Yaron da ya yi cuɗanya amma ba zazzaɓi ba ƙuraje, ba majinyaci ba ne. Abin yi shi ne a kira kamfanin jirgi ko wakilin da ya yanki tikitin tun yanzu, a ji ƙa'idarsu da kuɗin ɗage tafiya, a duba ko inshorar da ke hannu ta shafi irin wannan. Yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar mai ƙarambau sai dukkan ƙurajen sun bushe, wanda kan ɗauki kwana biyar zuwa bakwai daga fitowarsu, wasu kuma suna neman takardar likita. Ku karɓi takardar ko ba a nema ba, mai kwanan wata kusa da ranar tashi, saboda ɓawon yana daɗewa a fuska bayan yaro ya daina yaɗawa, kuma ma'aikacin da ke bakin ƙofa ba likita ba ne. Masu bi ta Addis Ababa ko Alƙahira su tuna cewa ana iya tsayar da su a can ma, kuma kwana da yaro mai zazzaɓi a filin jirgin wata ƙasa wahala ce da ba na yi wa kowa fatanta. Masu gajeren hutu su dubi ranar dawowa: in ƙurajen suka fito a Kano ana saura kwana uku a juyo, tafiya ta ɗagu da mako guda aƙalla, to wa'adin bizar dawowa da na iƙama, wato katin izinin zama, za su kai?

Sai babban kuskure, wanda nake roƙon kowa don girman Allah ya guje masa. An wayi gari ranar tafiya, an ga ƙuraje uku a bayan kunne da ciki, jiki da ɗumi. Sai a ɗura wa yaro maganin zazzaɓi, a sa masa riga mai dogon hannu da hula har goshi, uwa ta rungume shi cikin mayafi a layin awon kaya, wai barci yake. Na san abin da ke sa haka: kuɗin tikitin mutum biyar, bikin ƙanwa da aka sa rana dominku, tsohuwa da ta shekara uku tana jiran ganin jika. Amma ku dubi waɗanda ke cikin jirgin Jidda zuwa Kano. Tsofaffi ne masu dawowa daga Umara, mata masu ciki da za su je haihuwa a gida, jarirai 'yan watanni, da waɗanda suka zo jinya, wani yana karɓar maganin daji, wani an yi masa dashen ƙoda yana shan maganin da ke kwantar da garkuwar jiki. Ciwon da zai wuce wa ɗanku cikin mako guda yana iya zama ajalin ɗaya daga cikinsu. Jirage na da matatar iska, gaskiya ne, amma ba ta kare wanda ke kujerar gefe na wajen awa biyar, balle cunkoson zauren jira da motar da ke kai fasinja gindin jirgi. Hadisi ya zo a Bukhari da Muslim cewa kada mai raƙuma marasa lafiya ya gangaro da su kan masu lafiya. In an faɗi haka a kan dabba, ina ga ɗan Adam. Ranar da aka ga ƙurji ko zazzaɓi a cikin kwanakin lissafi, tafiyar yaron ta tsaya. In ya zama dole, uba ya wuce da manyan yaran da suka taɓa yi ko aka yi musu allura biyu, uwa ta biyo baya.

Jakar magani ma ana kuskure a cikinta. Paracetamol ake ba mai ƙarambau, irin su Fevadol ko Adol ko Panadol na yara, gwargwadon nauyinsa. Ba a ba shi aspirin sam, domin yana iya jawo wani mugun ciwo da ke taɓa hanta da ƙwaƙwalwa, kuma aspirin na ɓoye a cikin wasu garin maganin ciwon kai da ake sayarwa a tebur a gida. Ibuprofen ma, wato Brufen da Nurofen, a ajiye shi sai in likita ne ya ce, saboda an danganta shi da mummunan ruɓewar fata a masu ƙarambau. Ku sayi kalamin, maganin shafawa na ƙaiƙayi, a saidaliyya, wato kantin magani, tun kuna nan, da abin yanke farce, ku tambayi likita maganin ƙaiƙayin da ya dace da shekarunsa. Kada a ba yaro maganin sa barci wai don ya yi shiru a jirgi.

In a gida Najeriya ya feso, za ku ji shawarwari iri-iri, duk da kyakkyawar niyya: kada ruwa ya taɓa shi, a lulluɓe shi ciwon ya gama fitowa, a shafa toka ko farar ƙasa, a fasa kafso a barbaɗa. Ku ce, "To Hajiya, Allah ya saka da alheri, amma likita ya hana," ku yi masa wanka da ruwa mai ɗan ɗumi, a tsane jiki da tawul ba tare da gurzawa ba, a sa masa tufa marar nauyi, a yawaita ba shi ruwa da kunu da nono. Zamzam ɗin da kuka zo da shi ya sha, a yi masa addu'a. Kafso ba ya kashe ƙwayar ƙarambau, mayukan haɗi masu sitiroyid kuwa ƙara ɓata lamarin suke.

Mutane kan ɗauka da an sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano an gama. Ɗan Saudiyya ya zo, kowa sai ya ɗauka, daga hannun gwaggo zuwa na inna, washegari a tafi da shi barkar haihuwa. In kuna cikin kwanakin lissafi, ku faɗa wa dangi tun kafin ku taso, ku nisanta shi da ɗakin mai jego da masu ciki da duk wanda ke fama da doguwar jinya, har kwana 21 daga ranar cuɗanyar su wuce. Ba abin kunya ba ne a ce "ya yi wasa da mai ƙarambau, muna ƙirga masa kwanaki".

Kuma ba kowane ƙurji ne ƙarambau ba. Nasa suna farawa a ciki da baya da fuska, jajaye, su ɗuri ruwa, su bushe, sababbi na fitowa tsofaffi na bushewa a lokaci guda. Ƙyanda tana zuwa da tari da mura da jan ido. Ƙyandar biri, wadda ta sake ɓulla a Najeriya tun 2017, takan zo da kumburin kaluluwa. A bar ma'aikacin lafiya ya tantance, a sanar da su tun daga ƙofa don kada a zaunar da yaron cikin masu jira. A garzaya asibiti ba jinkiri in zazzaɓi ya wuce kwana huɗu ko ya sauka ya dawo, in gefen wani ƙurji ya yi ja ya kumbura yana zafi ko yana fitar da mugunya, in numfashi ya yi wuya, in wuya ya sanƙare, in yaro ya yi laushi ba ya farkawa sosai ko yana tangaɗi a tafiya, in ya ƙi shan komai fitsari ya ragu, ko ƙurji ya fito a cikin ido.