Sandar labulen wanka mai lanƙwasa: kurakuran da ke sa ta sunkuya da yadda ake gyara su

Sanda mai lanƙwasa ta shiga banɗakunan Kano saboda tana ƙara wa mai wanka sarari, labule ba ya manne masa a jiki. Sai dai yawancinta ba ta daɗewa take fara sunkuyar da ciki, labule ya koma sharar ƙasa. Mutane kan ɗora laifin a kan ƙarfen, amma galibi matsalar tana wajen kafawa.

Miƙaƙƙiyar sanda nauyinta ƙasa yake yi kai tsaye. Mai lanƙwasa kuwa cikinta ya turo waje, don haka nauyin labule murɗa ta yake yi a inda ta haɗu da bango. Ka ɗauki bokitin ruwa kusa da jikinka, sannan ka miƙe hannu da shi, za ka ji bambancin a kafaɗa. Abin da mariƙan sandar biyu ke sha ke nan kullum.

Shi ya sa kuskure na farko tun a kasuwa ake yinsa: sayen wadda ake tokarewa tsakanin bango biyu ba tare da huda ba. Tayil santsi gare shi, ga laima, robar da ke bakin sandar ba za ta iya hana ta juyawa ba. In ba gidan haya kake ba inda aka hana huda, nemi mai sukuru. In ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Sabon Gari, ka je da awon tazarar bangonka a rubuce. Sandar bututu biyu ce, ɗaya a cikin ɗaya, kuma idan aka zaro ta har ƙarshe mahaɗar ba ta da ƙarfi. Wadda aka rubuta santimita 152 zuwa 183 kada a ja ta har ƙurewa, a bar bututun su shige juna sosai, sannan a ɗaure ɗan sukurun da ke mahaɗar. Shi ne ake yawan mantawa da shi a cikin leda.

Babban kuskuren, wanda ya fi damuna, shi ne dogaro da fisha (robar da ake cusawa a ramin bango don sukuru ya kama) da sukurun da suka zo cikin kwali. Gajeru ne, kuma bangonmu daban yake. Namu bulo ne mai rami, a kansa filasta, a kan filasta simintin ɗaura tayil, sannan tayil. Gajeren sukuru a tayil da simintin bayansa kawai yake tsayawa, bai taɓa bulon ba. Ranar farko zai yi kamar ya kama. Bayan 'yan makonni sai ka ga farin gari yana zubowa daga ƙarƙashin mariƙin, fishar tana lilo a raminta. Gyaran shi ne fisha mai kaurin milimita 8 da sukuru mai tsawon santimita 6 ko fiye, wanda ba ya tsatsa. Bakin hudar ya zama daidai da kaurin fishar, ta shiga da ɗan bugun guduma. In ka tura ta da yatsa ta shige, ramin ya yi faɗi. Idan kuma kana cikin huda injin ya zurma gaba ba zato, ka faɗa ramin bulo: ko ka matsa kaɗan ka sami ƙashin bulon, ko ka cusa kwaɓin siminti ka bar shi ya bushe sosai kafin ka sake hudawa.

Kada kuma ka yarda mai aiki ya sa sukuru ɗaiɗai a kowane gefe ya ce ai ya isa. Sukuru ɗaya wurin juyawa ne. Duk ramin da ke jikin mariƙin a cike shi.

Wajen huda tayil, manna salatif a wurin don kada bakin ya zame, a kashe bugun injin har sai an wuce tayil ɗin. Wasu kan huda a layin da ke tsakanin tayil biyu don tsoron fashewa, amma wurin ba ya riƙo kuma gefen tayil ɗin ya fi saurin ɓantarewa. A guji layin da ke saitin kan famfo da shawa, nan bututun ruwa yake bi.

Wata sunkuyawar tun ranar kafawa take, don an auna tsayi daga ƙasa alhali daɓen banɗaki gangare ake yi masa zuwa magudana. Ka auna gefe ɗaya, ɗayan kuma ka fitar da shi da siririn tiyo mai ruwa irin na magina. Labule mai tsawon santimita 180 yana son sandar ta kai wajen 190 daga ƙasa.

Sai batun shanya. Jiƙaƙƙen tawul ko zane a tsakiyar lanƙwasa, nan ne murɗar ta fi ƙarfi. A kafa musu maratayi daban. In sandar doguwa ce ƙwarai, a tallafe tsakiyarta da sarƙa zuwa sama, amma silin ɗin roba ko na POP ba ya ɗaukar nauyi. A laluba katakon da ke bayansa, ko a huda dakin, wato rufin kankare, kai tsaye in gidan mai dakin ne.