Ruta mai manhajar gwaji tana mutuwa tana tashi: kurakuran da muka fi yi

Ƙanena yana sayar da wifi a Bukoki, nan Yamai. Wata rana cikin watan Afrilu ya kira ni da azahar: "Yaya, rutar nan ta ishe ni, sau huɗu ke nan tana mutuwa tana tashi tun safe." Ya sa mata OpenWrt, wato manhajar da ke tafiyar da ruta, na gwaji, wanda ake kira snapshot, shi ya sa ya riga ya ɗora wa manhajar laifi. Da na je na taɓa cajar, sai da na janye hannu don zafi. A jikin rutar an rubuta 12V 1.5A, wato bolt 12 amfiya 1.5, cajar kuwa 1A ce. Da masu sayen tikitin wifi sun yi yawa sai ruta ta nemi wuta, caja ta gaza, ruta ta faɗi.

Wannan kuskuren ya fi kowane yawa a wajenmu: a tuhumi manhaja ba a duba wuta ba. Caja ta tsufa, ko wuta ta ɗan ƙifta ta dawo, ko an juya zuwa janareta. Ga zafin bazara da ke wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu ta toshe ramukan iska, ruta kuma tana rataye dab da kwanon rufi. Ka samo caja mai bolt daidai da abin da aka rubuta, amfiya kuma ko ta fi ba laifi. Ka sauko da rutar inuwa, ka kakkaɓe ta.

Wani lokaci ma ba mutuwa ta yi ba, wifi ne kawai ya yanke. Ka shiga ta SSH, wato hanyar ba ruta umarni a rubuce daga kwamfuta, ka buga uptime, umarnin da ke nuna tsawon lokacin da take kunne. In ta ce kwana uku take kunne, ka nemi matsalar a wani wuri.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne a jira sai ta tashi sannan a buga logread, umarnin da ke nuna rahoton abin da ruta ta yi. Rahoton yana zaune ne cikin RAM, da ta mutu ya goge, abin da za ka gani labarin tashinta ne kawai. Ka saita ta tana tura rahoto zuwa wata kwamfuta ta UDP, ƙofa ta 514, ka bar kwamfutar a kunne. Wasu rutoci suna ajiye bayanin faɗuwar kernel, wato zuciyar manhajar, a /sys/fs/pstore, ka leƙa can. In ka ga an ambaci oom-killer, mai kashe wasu ayyuka in wuri ya ƙare, RAM ce ta cika. Tsohuwar ruta mai RAM 32 MB ba za ta ɗauki manhajar yau ba, balle an loda mata mai toshe talla da VPN.

Ka tuna ko kai ne ka sa ƙaramar manhajar nan watchcat. Aikinsa ke nan: in ya yi ta ping, wato gwada ko intanet na nan, bai samu amsa ba, ya sake kunna rutar. A inda intanet ke yawan yankewa, zai yi ta kashe maka ita alhali lafiyarta lau.

Sai ɗaukar tsofaffin saituna a kai su cikin sabon snapshot. Manhajar gwaji tana canzawa kusan kullum, saitin jiya yana iya rikita ta yau. Ka adana kwafinsu, ka sa manhajar da umarnin sysupgrade -n, wanda ba ya ɗaukar tsofaffin saituna, ka saita da hannu. Kada kuma ka tilasta mata kmod, wato ƙarin da ake haɗa wa kernel, da aka gina wa wani kernel daban.

Don Allah, abu ɗaya za ka canza a lokaci guda, ka rubuta rana da awa a takarda. In ka canza caja da manhaja da tashar wifi a yini ɗaya, ko ta warke ba ka san maganin ba. In har yanzu tana faɗuwa, ka mayar da ita kan sakin OpenWrt da aka tabbatar, wanda ba na gwaji ba, ka ba ta kwana biyu. Ta zauna lafiya, to laifin snapshot ne: ka kai rahoto ga masu OpenWrt da sunan rutar, lambar ginin da ke /etc/openwrt_release, da layukan ƙarshe da kwamfutarka ta kama.