Yadda Ake Zana Taswirar Titunan Kano da Hoton Tauraron Ɗan Adam da GPS

Duk wanda ya taɓa yi wa baƙo kwatancen gida a Yakasai ko bayan Kasuwar Kurmi ya san cewa lunguna da yawa ba sa fitowa a taswirar waya. Ana iya cike wannan giɓi da kwamfuta, da waya mai GPS, da rajista a OpenStreetMap, taswirar da aka kafa a Ingila a 2004 wadda kowa ke da damar yin ƙari a cikinta kyauta.

Da farko a zaɓi hoton tauraron ɗan adam da za a yi zanen a kansa. Na tauraron Sentinel-2 kowane ɗigon da ke cikinsa daidai yake da mita 10 a ƙasa, zai nuna Titin Zariya amma lungu ba zai fito ba; hotunan Bing da Esri da ke cikin JOSM, manhajar kwamfuta da ake zana taswirar OpenStreetMap da ita, sun fi dacewa.

Kafin a ja layi ko ɗaya, sai a daidaita hoton, domin yakan goce daga ainihin wurin da 'yan mitoci. A kunna OsmAnd, manhajar taswira mai adana sawun tafiya, a waya, a bi buɗaɗɗen titi kamar na Gidan Zoo sau uku ko huɗu, tunda GPS ɗin waya kan yi kuskuren kimanin mita 5. Daga nan a ɗora fayilolin GPX, wato sawayen da wayar ta adana, a kan hoton a cikin JOSM, a matsar da shi har titin ya zauna a tsakiyar sawayen da aka ɗauko.

Sai zane. Kowane titi a ja masa layi ta tsakiyarsa, mai hannu biyu da aka raba da siminti kuwa layi biyu, kuma duk mahaɗa a ɗaure ta da ɗigo guda. Gadar sama irin ta Ƙofar Nasarawa a sa mata alamar gada, kada a haɗa ta da titin ƙasanta, in ba haka ba waya za ta umarci direba ya karya kwana inda babu hanya.

A ganina aikin gaske yana cikin birni, inda rumfunan kwano da darbejiya ke rufe lungu daga sama, katangu kuma ke rikita GPS. Nan sai an taka da ƙafa. A fara gaida mai unguwa, a yi masa bayani, sannan a riƙa rubutawa a takarda: wannan lungu adaidaita sahu na ratsa shi, wancan sai babur, na gaba kuma ba ya ɓullewa. Sunayen lunguna ma a bakin mazauna ake samunsu, kada a kwafo daga Google Maps, domin ƙa'idar Google ta hana.

Idan an dawo, a shigar da bayanan, a bar JOSM ta binciko layukan da ba su haɗu ba, a gyara su, sannan a tura aikin zuwa OpenStreetMap ta intanet.